Tayar fikof: ta kamfani, mai filai 6, mai 8 ko mai 10, ga wanda bayansa ya gaji da gargada

Duk mai Hilux a Maradi in tayoyinsa suka cinye ruɗu ɗaya yake shiga. Mai shago zai ce Alhaji ɗauki mai filai goma ba ta fashewa, mai faci ya ce takwas ta ishe ka, wani aboki ya ce koma wa irin wadda motar ta zo da ita, kai kuma abin da kake so bai wuce motar ta daina jijjiga ka tana bubbuga ƙugunka ba, amma kana tsoron ranar da za ka ɗora buhunan gero ka kama hanyar Dakoro da tsakar rana taya ta ba ka kunya. To ɗan'uwa bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ra'ayina tun daga farko shi ne yawan filai, wato ma'aunin ƙarfin jikin taya, ba shi ne kyan taya ba, kyanta ta dace da lodin da kake ɗauka da gaske da hanyar da kake bi kullum.

Abubuwan da za mu auna da su

Na farko kuma babba shi ne nauyin da taya za ta iya ɗauka. Wannan ba a jinsa a bakin mai shago, a rubuce yake a gefen tayar. In ka ga 265/65R17 112S, 265/65R17 girman tayar ne, 17 ɗin na janti, lambar 112 ɗin nan kuma ita ce ta nauyi, tana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1120 in an ba ta iskar da ta dace. 108 kilo 1000 ce, 110 kilo 1060, 113 kilo 1150, 116 kilo 1250, 118 kilo 1320, 120 kilo 1400, 121 kuma kilo 1450. Harafin da ke bayanta na gudu ne, Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. In kuma lamba biyu ka gani kamar 110/108, ta farkon ce taka, ta biyun ta motocin da ake haɗa musu taya bibbiyu a baya ce. Ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da kamfani ya manna a jikin ginshiƙi, akwai girman taya da lambar nauyi da iskar da za a sa. Ƙa'idar da ba ta da ragi ita ce kar ka sauka ƙasa da waccan lambar, ko da tayar ta fi araha ko ta fi laushi.

Na biyu laushi a hanya. Na uku juriya, wato ƙaya da dutsen burji da bakin ramin kwalta da zafin Afrilu da Mayu lokacin da rana ke wuce digiri 40, kwaltar kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Sai kuɗi, kuma kuɗi ba na saye kaɗai ba har da gazuwal ɗin da tayar za ta ja maka. Sai sauƙin samu da sauƙin kulawa, sai haɗarin da ke tattare da kowacce.

Batun filai kuma, lambar da ke gaban PR ce, 6PR, 8PR, 10PR. A da can ana ƙirga ainihin shimfiɗun zaren auduga ne a cikin taya, yanzu kuwa ma'aunin ƙarfi ne kawai, tayar da aka rubuta wa 10PR in ka yanka ta ba za ka ga shimfiɗa goma ba, biyu ko uku za ka gani sai wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin zane. Abin da lambar ke gaya maka da gaske shi ne yawan iskar da jikin tayar zai iya riƙewa. Ita iskar ce ke ɗaukar lodi, robar riƙe ta kawai take yi. Wanda ya gane wannan ya gane rabin maganar.

Ta kamfani, wato mara filai a rubuce

Ita ce irin wadda Hilux dubul kabin na zamani ke fitowa da ita, 265/65R17 ko 265/60R18, ba LT (alamar tayar ƙananan motocin kaya) a gabanta ba C (alamar tayar motocin aiki) a bayanta, wani lokaci za ka ga P (ta motar fasinja) a farko ko SL (ta lodin da aka saba). Tana kai ƙarshen ƙarfinta ne a iska wajen bar 2.4 zuwa 2.5 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne), wato 35 ko 36 a gejin masu facin da ke aiki da psi. A laushi babu wadda ta kamo ta, gefenta na lanƙwasa yana shanye ƙananan ramuka, sitiyari ba nauyi, ba ta da ƙara, kuma ita ta fi sauƙin shan mai don ba ta da nauyi. Wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce da babbar hanyar Konni zuwa Zinder, ya kai yara lekwal ya je Tibiri ya dawo, wallahi ba shi da dalilin barinta.

Kuma kar a raina ƙarfinta. Biyu masu lamba 112 a baya kilo 2240 ke nan, alhali aksil ɗin bayan Hilux bai kai tan 2 ba a abin da kamfani ya yarje masa. Sai dai a ƙa'idar Amurka in aka sa tayar da ta fara da P a fikof ana raba nauyinta da 1.1, mai kilo 1150 ta koma wajen 1045, saboda fikof ta fi tsayi kuma ta fi yawan cika da kaya. Ko da hakan ta isa lodin halal. Rauninta a gefe yake. Kututturen gero da aka sare a gona, ƙayar aduwa ko ta bagaruwa, dutse mai kaifi a burji, duk suna iya shiga gefen nan, kuma taya in ta yage a gefe ta gama aiki, facin da za a yi mata ba abin dogaro ba ne a kan gudu. Akwai ƙanwarta mai XL ko Reinforced a jiki, wadda ke kai ƙarfinta a wajen bar 2.8 zuwa 2.9, ta ɗan fi ɗaukar nauyi kuma laushin bai ragu sosai ba, in ka same ta a girmanka abar so ce.

Mai filai 6

Za ka ga LT a farkon lambar, sai Load Range C (harafin da ke nuna ajin ƙarfinta) ko 6PR, iskarta ta ƙarshe bar 3.5, wato psi 50. Ni a ganina ita ce tsaka-tsakin da yawancin mutanenmu ke nema ba su sani ba. Jikinta ya fi na ta kamfani kauri, zanenta galibi ya fi zurfi, tana jure burji da ƙaya daidai gwargwado, amma ba ta yi taurin da zai sa mota ta dinga tsalle in ba kaya ba. A girman LT265/70R17 lambar nauyinta 112, kilo 1120 a bar 3.5. Ka lura, ba ta fi ta kamfani ɗaukar nauyi ba, abin da ta fi ta shi ne juriya. Matsalarta samu. Masu kawo taya sun fi kawo abin da kasuwa ke tambaya, kasuwa kuwa takwas da goma take tambaya, don haka wani lokaci sai ka sa an nemo maka daga Yamai ko Kano, kuma in ɗaya ta lalace a Mayahi ba lallai ka samu irinta nan take ba. Wanda zai saye ta ya sayi biyar har da safaya.

Mai filai 8

A nan akwai abin da ke rikita mutane. In ka ga C manne a bayan girman janti, kamar 205R16C ko 195R15C, wannan C ɗin na motocin aiki ne, ba shi ne Load Range C na filai shida ba, yawancinsu ma 8PR ne. 205R16C 110/108 ita ce tayar da Hilux na aiki da yawa suka zo da ita, irin na ƙungiyoyi da ma'aikatu masu jantin ƙarfe, tana ɗaukar kilo 1060 a bar 4.5, psi 65. A jerin LT kuma ana kiranta Load Range D. Wannan ita ce tayar mai neman abinci da motarsa, mai ɗauko aya daga Tchadoua da Aguié, mai kai wake da gyaɗa, mai bin kasuwannin ƙauye kullum da mutane da kaya. Ana samunta kusan ko'ina, kowane mai faci ya san ta, kuma siririyar 205 ɗin ta fi masu faɗi araha sosai. In da lodi a baya tafiyarta lafiya lau, mota ta zauna daram ba ta lilo a kwana, tayar ba ta yin zafi da wuri.

Inda take cutar da mutane shi ne in aka sauke kaya aka bar iskar lodi a ciki. Bayan fikof dama sifirin ne na faranti da aka yi don ɗaukar tan guda, in ba kaya ba ya lanƙwasa, sai ka haɗa shi da taya mai bar 4.5, to ina laushi zai fito? Kowane ɗan tudu sai ya shigo har cikin kujera, a kan burji mai gargada bayan motar ya dinga zamewa gefe, birki ma ba ya kamawa yadda ya kamata don tayar tana tsalle ba ta manne da ƙasa ba, tsakiyar zanen ya cinye gefe na nan sabo. Da yawan masu cewa tayarsu tauri gare ta ba tayar ba ce, iskar ce. Takardar ƙofa ta motoci da yawa ta ba da iska iri biyu, ta mota ba kaya da ta mota cike, a bi su.

Mai filai 10

Load Range E, bar 5.5, psi 80. A LT265/70R17 lambarta 121, kilo 1450 kowace ɗaya, biyu a baya tan 2.9. Ka ga dai aksil ɗin da bai kai tan 2 ba an sa masa taya mai tan 2.9, ragowar nan ba za ka taɓa cin moriyarta ba sai in ka yi lodin da ya fi ƙarfin sifirin da birki da shasi, kuma in ka yi hakan ba tayar ce za ta cece ka ba. Ita ta fi tsada, ta fi nauyi da 'yan kiloli a kowace ƙafa, nauyin nan shoka ke fama da shi a kowane rami, mai yana ƙaruwa, tashin mota yana raguwa. Kamar mutum ne ya sa takalmin soja zai je sallar Juma'a, ƙafarsa ba za ta ji ƙaya ba amma tafiyar ba daɗi.

Sai wani abu da nake so kowa ya ji da kyau don a nan haɗarin yake. Mutum ya sayi mai goma, ya ji tauri, sai ya ce wa mai faci rage min zuwa 35 kamar tsohuwar, ai mai goma ce ba komai. Akwai komai fa. Tayar LT tana bukatar iska fiye da ta kamfani kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. LT265/70R17 a psi 35 wajen kilo 860 kawai take ɗauka, ko mai shida ce ko mai goma, alhali P265/70R17 a wannan iskar tana ɗaukar sama da kilo 1000 ko bayan an rage mata. Wato mai filai goma da ƙarancin iska ta fi ta kamfani rauni a ƙarƙashin lodi. Kuma saboda jikinta na da kauri ido ba ya nuna maka ta yi ƙasa, tana lanƙwasawa tana tara zafi a ciki, robar mai kauri ba ta saurin sakin zafin, sai a tsakiyar hanya da azahar zanen ya ɓare daga jikinta. Wannan ba laifin taya ba ne.

Ba cewa nake ba ta da wuri ba. Land Cruiser fikof da ke shiga arewacin Dakoro har Bermo da ganguna da buhuna, mai 235/85R16 120/116 ko 7.50R16, wannan motar an yi ta ne don irin tayar, kuma wanda ke kwana biyu a daji ba mai faci kusa, taurin gefen nan ya fi masa laushi amfani.

Ga su a jere:

| Taya | Iskar ƙarshen ƙarfi | Laushi ba kaya | Jure ƙaya da dutse | Kuɗi | Samu a gari | Babban haɗari |
| Ta kamfani (P, SL) | bar 2.4 zuwa 2.5 | sosai | kaɗan | matsakaici | da sauƙi | yagewar gefe, wuce lodi |
| XL | bar 2.8 zuwa 2.9 | mai kyau | ta ɗan fi | matsakaici | wani lokaci | yagewar gefe |
| Filai 6 (LT, C) | bar 3.5 | mai kyau | mai kyau | ya ɗan hau | sai an nema | rashin irinta in ta lalace |
| Filai 8 (D, ko 205R16C) | bar 4.5 | tauri in ba a rage iska ba | sosai | siririya araha, mai faɗi tsada | ko'ina | barin iskar lodi a mota ba kaya |
| Filai 10 (E) | bar 5.5 | tauri | ta fi duka | ta fi duka | da sauƙi | rage iska fiye da kima a yi lodi |

Ban sa farashi da sefa ba don yana motsi da naira da halin iyaka da hanyar da kaya suka biyo, kuma tsakanin Michelin ko Bridgestone ko BFGoodrich da 'yan Sin irin su Linglong da Triangle tazarar kuɗin ta fi wadda ke tsakanin filai shida da takwas na kamfani ɗaya. Je ka tambaya a shago uku, amma ka tambaya da cikakkiyar lamba har da ta nauyi, kar ka ce kawai ba ni 17.

Abubuwa biyu da ke canza laushi ban da filai

Zane. H/T na kwalta ne, shiru, santsi, mai sauƙin mai. A/T irin su Grandtrek AT da Dueler A/T da Geolandar A/T na kwalta da burji ne a haɗe, kuma ga ƙasarmu da rabin tafiya yashi ne da jar ƙasa shi na fi so. M/T mai manyan haƙora na taɓo ne, yana kuka a kwalta, yana girgiza a ƙaramin gudu, a cikin rairayi ma haƙa yake yi ya nutsar da kai, mu kuwa taɓonmu na 'yan watannin damina ne a bakin gulbi. Yana da kyan gani dai, ba musu.

Girman janti. 265/60R18 tsayin gefenta milimita 159, 265/65R17 milimita 172, 265/70R16 wajen 185, kuma dukansu ukun tsayin tayar gaba ɗaya kusan ɗaya ne. Duk ƙarin robar nan a gefe katifa ce tsakaninka da rami. Wanda ke kan 18 yana kukan tauri, saukowa 17 zai fi masa amfani fiye da canza kamfanin taya, 16 kuma sai makaniki ya gwada ya tabbatar jantin bai taɓa birki ba don ba kowace mota ke karɓa ba.

A yashi mai zurfi rage iska zuwa wajen bar 1.5 yana sa tayar ta baje ta hau saman yashin, amma a hankali ake tafiya kuma ba da cikakken lodi ba, da ka taka kwalta ka mayar. Ƙaramin famfon da ake jonawa a batir da gejin aljihu sun fi ƙarin filai biyu amfani ga mai irin wannan tafiya. Auna iska da safe kafin mota ta motsa, in ka tsaya a Gidan Rumji ka ga gejin ya hau saboda zafi kar ka sace iskar, hawan nan daidai ne, in ka rage za ta yi ƙasa idan ta huce.

Ta gwanjo fa

Na san aljihu, ba kowa ke iya sabbi huɗu a lokaci ɗaya ba. In dole ne, nemi inda aka rubuta DOT a gefe, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara, 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Michelin na ba da shawarar in taya ta shekara biyar a dinga kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta na nan, a zafinmu kuwa ni ba zan jira goma ba. Sa a cire ta daga janti ka leƙa ciki, ka shafa da hannu, in akwai faci a gefe ko kumburi ko baƙin garin roba a ciki bar ta. Ka kula da tayoyin sanyin Turai masu ƙananan tsage-tsage birjik a zane da Winter a jiki, laushi gare su kamar me amma robar ta ƙanƙara ce, kwaltar Maradi cinye ta take yi da wuri. Zane in ya sauka zuwa ɗan tudun da ke cikin kwarin, milimita 1.6 ke nan, ta ƙare. Kuma kar a haɗa LT da ta kamfani a aksil ɗaya, kat-kat kuma girman huɗun ya zama ɗaya.

To wace ce taka

In motarka ta iyali ce da ofis, kwalta ce yawancin tafiyarka, bayan motar bai cika ganin fiye da buhu biyu ko uku ba, zauna kan ta kamfani ko XL mai zanen H/T ko A/T mara manyan haƙora, janti 17, iskar takardar ƙofa. In kana da gona a wajen Madarunfa ko Safo kana shiga burji da gefen gona duk mako, lodi kuma lokaci-lokaci ne, nemi mai filai shida A/T, in ta gagara samu ɗauki mai takwas ka riƙe geji a mota. In motar ce sana'arka, kullum cike take daga kasuwa zuwa kasuwa ko hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, mai takwas ce taka, ka ba ta cikakkiyar iska in ka yi lodi ka sauke ta in za ka dawo ba kaya, kuma ka tuna tan gudan da aka ce Hilux na ɗauka har da kai da yaran mota a ciki, buhu goma na kilo 100 sun riga sun cinye shi. Mai goma a bar wa Land Cruiser da masu jan tirela da masu nisan daji, wanda kuma ya riga ya sa ta a Hilux kar ya yi lodi da iskar tsohuwar tayarsa, ya nemi jadawalin iska da nauyi na girman tayar a wajen dillali ko a intanet ya bi shi.